Jak Ɗin da ke Ƙarƙashin Teburin Tela

Mutumin da zan ba da labarinsa mai facin taya ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan sana'a a wuri guda, a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar ɗakunan ajiyar kaya, can ƙarshen gari inda manyan motoci ke sauke lodi. Babu mai kiran sa da sunansa na yanka. Direbobi sun laƙaba masa Tukuna, domin duk abin da aka ce masa, ko taya ce ta sace ko shayi aka miƙo, amsarsa ta farko ita ce, "Tsaya tukuna." Mun daɗe muna maƙwabtaka, matarsa ce ke yi mini ɗinki, don haka abin da ban gani da idona ba na ji shi daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin ƙarfen da ya wuni a rana. Bai san inci ba, amma yana da nasa ma'aunin. Kafin ya taɓa kowace mota sai ya durƙusa, ya jera yatsunsa tsakanin ƙasa da ƙarfen da zai tokara, ya faɗi adadinsu a fili kamar mai karanta hukunci. Daga nan ne zai zaɓi jak, wato abin da ake ɗaga mota da shi a cire taya. Yana da guda huɗu masu siffar kwalba, jere a jikin katanga daga babba zuwa ƙarami, ƙaramin cikinsu ma yana ɗaukar tan goma. Ra'ayinsa a kan jak guda ɗaya ne: wanda ya fi ƙarfi shi ya fi aminci.

Abokin aikinsa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya girme wa da shekara goma sha ɗaya. Gemunsa ya yi furfura, har ya fara ganin jikoki, amma har yau Auta ake ce masa. Yana da shekara takwas mahaifinsu ya rasu, riƙonsa ya koma hannun Tukuna. Bahago aka haifi Auta. Tukuna kuwa ya gaji wani imani daga wanda ya koya masa sana'a, cewa noti da sufana don hannun dama aka ƙera su, kuma bahago zai ɗaure inda ya kamata ya kwance. Saboda haka ya ɗauki shekara biyu cur yana ɗaure wa ƙanensa hannun hagu ta baya da zaren tsohuwar roba a lokacin aiki, har hannun dama ya koyi abin da ba a halicce shi da shi ba. Auta bai riƙe wannan a zuciya ba. Yakan ce wa direbobi, "Ni hannu ɗaya Allah ya ba ni. Na daman nan Yaya ne ya ƙera shi a rumfar nan."

Jefi-jefi ƙananan motoci kan ɓato hanya su tsaya a rumfar, kuma kwalaben nan huɗu sun yi musu tsawo. Auta ya yi ta magana har wansa ya yarda suka tafi shagon kayan aiki. Mai shagon ya fito musu da jak biyu, duka masu taya da dogon hannu. Ɗaya ya miƙe a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi, ɗayan kuma ƙato ne mai ɗagaggen baki.

"Yaya, mai kwanciyar nan za mu ɗauka," in ji Auta. "Dubi bakinsa, ko ƙarƙashin ƙofa zai shige."

"Tsaya tukuna. Tan nawa yake ɗauka?"

"Biyu," in ji mai shagon.

"Wancan fa?"

"Biyar."

"To ina abin shawara a nan?"

"Motocin yanzu cikinsu a ƙasa yake, Yaya. Ba ƙarfi suke so ba, lallaɓawa suke so."

"Kai ka je ka lallaɓe su. Ni ɗagawa na koya."

Tukuna ya durƙusa ya auna bakin ƙaton, ya ce yatsu bakwai, ya kuma ce bai taɓa ganin motar da mutum mai hankali zai hau ba wadda cikinta bai kai yatsu bakwai daga ƙasa ba. Suka ɗauko ƙaton.

Akwai wani jak ɗin na shida, wanda ba ya cikin lissafin kowa. Ɗan ƙarami ne mai buɗewa kamar almakashi, ana murɗa masa wani dogon ƙarfe mai zare ya tashi. Wani matafiyi ne ya manta da shi a rumfar shekara tara da suka wuce. Tukuna ya juya shi a hannu, ya ce abin wasan yara ne, ya jefa shi bayan ƙofar gida. Matarsa, wadda kowa ke kira Tela, ta tsince shi a daidai lokacin da danshi ya cinye ƙafa ɗaya ta teburin keken ɗinkinta. Ta sa aka yanke ruɓaɓɓen wurin, ta tokare ƙafar da jak ɗin, ta murɗa shi har teburin ya daidaita. Tela mace ce da ba ta yarda da kimantawa. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, kuma duk ranar da ta ɗiga wa kekenta mai sai ta ɗiga wa zaren jak ɗin shi ma, wai duk abin da ke yi maka hidima yana da haƙƙi.

Ranar da abin ya faru hutun ƙarshen mako ne. Ma'aikatan ofis masu ƙananan motoci ba su zo ba, filin duka na manyan motoci ne da direbobinsu da ke jiran a buɗe ɗakunan ajiya. Da hantsi aka kira Tukuna can ƙarshen filin ya duba tayar wata tirela. Auta ne kaɗai a rumfar lokacin da wata mota ruwan ɗorawa ta shigo tana ɗingishi. Irin motar tsere ce mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai share ƙasa. Wani dattijo mai farin gilashi ya fito daga ciki da ƙyar, yana dafa gwiwa.

"Ranka ya daɗe, wannan mota ce ko takalmi?" in ji Auta.

"Tun ina ɗalibi nake mafarkinta," in ji mutumin, yana dariya. "Sai da gwiwoyina suka tsufa sannan ta samu. Ƙusa na taka."

Likitan haƙora ne. Auta ya sa shi ya shigar da motar cikin inuwa, dab da katanga, ta yadda tayar gaban da ta sace ta faɗa ɓangaren katangar. Tsakanin mota da katanga bai wuce wurin da mutum zai durƙusa ba. Ƙasan rumfar daɓen siminti ne mai santsi, wanda Tukuna ya zuba a bara yana ta alfahari da shi.

Auta ya turo ƙaton jak, bakinsa ya ci karo da gefen motar. Bai yi mamaki ba, yana da dabara. Ya jera katako uku kamar matakala, ya sa Likita ya hau su da tayar da ta sace, motar ta ɗan ɗagu, bakin jak ɗin ya shiga. Sai dai leɓensa ne kawai ya shiga. Ainihin wurin da aka tanada don tokarawa yana can ciki kaɗan, inda kaurin jak ɗin ya hana shi isa. Auta ya gani, ya ce aikin minti biyar ne, ya ɗaga a haka. Ya kwance notuna, ya cire tayar, ya ture katakan gefe domin suna tokare masa gwiwa. Noti ɗaya ya gangara ƙarƙashin motar. Ya kwanta, ya zura hannun dama har kafaɗa yana lalube, sai ƙafarsa ta taɓa dogon hannun jak ɗin.

Waɗanda ke filin sun ce ƙarar ba ta da yawa. Jak ɗin ya sulale a kan simintin ya fice, motar ta zauna a kan faifan birkinta, gefenta kuma ya sauka a kan damtsen Auta.

Tukuna ya iso a guje, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya tarar da ƙanensa kwance a lungun katanga, kuncinsa manne da ƙofar motar, hannunsa na dama ya ɓace a ƙarƙashinta tun daga kafaɗa. Bakinsa a buɗe yake amma murya ba ta fita.

"Auta! Auta, ka ji ni?"

"Yaya," ya ce da ƙyar, "cire mini ita."

Direbobi suka cika rumfar. Wani ya ce a ɗaga da hannu, ai ba ta kai buhu ashirin ba. Mutum uku ne kaɗai lungun ya ɗauka, su ma sai da suka tsallake Auta. Suka nemi wurin kamawa suka rasa, jikin motar sumul yake kamar ƙwai. Suka kama bakin ramin taya suka yunƙura. Motar ta ɗagu kamar kaurin farce, sai abin da suka riƙe ya ɓalle a hannunsu, domin roba ce aka shafa wa fenti. Motar ta koma. A nan ne Auta ya yi ihun da aka ji har cikin gidajenmu.

"Kada wanda ya sake taɓa ta!" Tukuna ya daka musu tsawa. "Wallahi duk wanda ya sake taɓa ta sai na fasa masa kai!"

Likita ya kira motar asibiti, aka ce tana can wani gefen gari, sai ta yi kusan awa guda. Ya durƙusa ya taɓa wuyan Auta, ya dubi leɓɓansa, sannan ya ja Tukuna gefe.

"Malam, ni haƙora na sani, amma wannan kowa ya san shi. Jini ba ya isa hannun nan. In ya daɗe a haka, ko an fitar da shi yanke hannun za a yi."

"Minti nawa?"

"Ban sani ba. Kada mu kai awar da suka ce."

Tukuna ya ɗauki tocila ya zagaya ɗaya gefen motar, ya kwanta, ya manna kuncinsa da siminti. Can cikin duhu ya hango tafin hannun ƙanensa a buɗe, notin da ya gangara yana nan kusa da shi.

"Auta, motsa yatsunka in gani."

Huɗu suka motsa.

"Buɗe but ɗin motarka," ya ce wa Likita. "Kowace mota tana zuwa da jak ɗinta."

Likita ya buɗe. Babu jak, babu ma tayar canji. Gwangwanin gam ne guda ɗaya da ɗan famfon iska a cikin jaka mai tsabta.

"Haka ake sayar da su," in ji Likita. "Wai don kada su yi nauyi."

Tukuna ya shiga lungun, ya fara auna gefen motar da yatsunsa kamar yadda ya saba. Kusa da damtsen Auta, yatsu uku. A tsakiya, huɗu. Can baya dab da tayar baya, inda ya ji wasu 'yan tsage biyu a jikin ƙarfe, alamar wurin tokarawa, yatsu biyar. Ya san amsar, amma duk da haka ya turo ƙaton jak ɗinsa ya kara. Yatsu biyu suka hana. Ya juya shi a kaikaice, ya buga shi da ƙafa, ya sake bugawa. Ba za a iya sake hawa da motar kan katako ba, babu taya, kuma mutum yana ƙarƙashi. Ya kawo ƙarfen banƙarar taya ya zura, ƙarfen ya zame a kan daɓen. Da ƙasa ce kamar da, da ya tona rami da hannunsa ya zaunar da jak a ciki. Ya ɗauko guduma ya sari simintin sau biyu, girgizar ta sa Auta ya sake ihu, ya yar da gudumar.

A wannan lokaci direbobi sun watse zuwa motocinsu, kowa ya dawo rungume da abin da ya fi yarda da shi. Suka jera su a bakin rumfar, na tan ashirin, na tan talatin, har da wani na tan hamsin wanda mutum biyu suka kinkimo.

"Ga nawa, Tukuna, ko gida yake zai ɗaga!"

"Gwada wannan, bai taɓa ba ni kunya ba!"

Tukuna ya dubi jerin. Ƙarfin da ke wurin ya isa ya ɗaga duk motocin filin, kuma mafi gajarta a cikinsu ya ninka ratar sau biyu. Ya aiki wani mai babur ya fita babban titi ya tare ko wace irin ƙaramar mota, ya san kuma zuwa da dawowa sai sun ci fiye da rabin awa. Ya koma ya kwanta da tocilarsa.

"Motsa, Auta."

Biyu suka motsa, su ma da ƙyar.

"Yaya," in ji Auta daga ɗaya gefen, "na daina jin zafin."

Likita ya dubi Tukuna. Tukuna ya zauna daɓas a kan simintin, ya ɗora hannuwansa a ka. Mutanen da suka shekara talatin suna mu'amala da shi ba su taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Ni ne," yake ta faɗa. "Ya ce mu ɗauki mai kwanciyar. Ni na hana."

A haka Tela ta same shi. Ina ɗakinta tana auna ni lokacin da ihun Auta na biyu ya iso, ta fita da tef a wuya da alli a hannu, ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. Ta ratsa cikin direbobin, ta leƙa lungun.

"Auta, rigimamme, me ya kai ka?"

"Matar Yaya," ya ce, idonsa a rufe, "yau kam kin huta da ni."

"Rufe mini baki. Wa zai cinye mini ɗumame?" Ta juya ga mijinta. "Malam, tashi. Me ake nema?"

"Abin da zai shiga yatsu biyar. Babu shi a filin nan."

"A ina?"

Ya nuna mata. Ta tattara zanenta ta durƙusa, ta saka bakin tef a ƙasa, ta karanta.

"Inci huɗu ne cif. Nawa in ya kwanta duka inci uku da kwata uku ne."

"Naki me?"

"Na ƙarƙashin tebur."

Tukuna ya buɗe baki, kowa ya san abin da zai fito. Ta riga shi.

"Kada ka ce mini in tsaya."

Gidan tafiyar minti uku ne, ta yi shi a ƙasa da haka. Ba ta jira wani ya riƙe mata teburin ba. Ta fizge jak ɗin, teburin ya kife, keken da ta shekara ashirin da shida tana ɗinki da shi ya faɗi ya tsage a wuya. Ba ta waiwaya ba.

Da ta ajiye shi kusa da jerin ƙattin nan, wani direba ya yi tsaki.

"Wannan ai ko akuya ba zai ɗaga ba."

Tukuna ya ɗauke shi. An rubuta a jikinsa cewa bai kai tan ɗaya ba, kuma marikin da ake murɗa shi da shi ya ɓace tun shekarun baya. Duk abin da ya sani a rayuwarsa yana gaya masa cewa wannan siririn ƙarfe zai lanƙwashe, motar ta sake faɗowa, karo na uku. Ya taɓa zaren da babban yatsansa, ya ji shi da maiƙo, babu tsatsa ko ɗigo.

"Ku kawo duk katakon da ke rumfar nan," ya ce. "A tsaga wasu sirara. Ke, zauna nan. Duk yatsa ɗaya da na ɗaga, ki cusa katako. Kada ki bar iska tsakanin motar da katakon."

Ya murɗa jak ɗin har ya kwanta gaba ɗaya, ya zura shi ƙarƙashin 'yan tsagen nan biyu. Jak ɗin ya shiga yana kankarar fenti. Tukuna ya saka sukudireba a idon zaren. Katanga ta hana shi zagayawa cikakkiya, don haka sai rabin zagaye yake yi, ya zare sukudirebar, ya mayar, ya sake rabi. Ana jin ƙarar sukudireba a jikin ƙarfe da numfashin Auta.

A rabi na ashirin motar ta yi ƙara ta motsa. Tela ta cusa katako. Gumi yana zuba daga haɓar Tukuna a kan simintin. Yatsa ɗaya, katako. Yatsa biyu, katako. Bayan motar ya tashi sosai, amma gaba, inda nauyin inji yake, da kaɗan ya sassauta. Jak ɗin ya kusa ƙurewa, ya kuma fara karkata zuwa katanga.

"Ya isa," in ji Tela a hankali. "Yana kwantawa."

Tukuna ya miƙa hannu ya auna kusa da kafaɗar ƙanensa, inda ɗaya wurin tokarawar yake. Yatsu huɗu da rabi.

"Tef," ya ce.

Shi ne karo na farko da ya nemi tef a rayuwarsa. Ta auna.

"Saura kaurin alli."

Ya ƙara rabi uku, zaren yana kuka. Ta sake aunawa, ta gyaɗa kai. Yanzu sai abin da ya fi tsoro: ya sauke jak ɗin, ya bar motar a kan katakan da matarsa ta jera, ya matsar da shi gaba. Idan jerin ya zame, babu abin da zai tare ta.

"Kin tabbata da jerinki?"

"Ni na jera."

Ya fara sassautawa. Katakan suka yi ƙara, suka matse, suka tsaya. Ya zare jak ɗin, ya tsallake ƙafafun Auta, ya kwanta kusa da shi har gemunsu yana haɗuwa, ya zura shi a sabon wurin.

"Auta, kana ji na?"

Ya taɓa masa kunci.

"Auta! Kai, ɗan banza, amsa mini!"

"Ina ji, Yaya. Ka daina zagi a gaban baƙo."

Wannan karon nauyin ya fi. Sukudirebar ta lanƙwashe, aka miƙo masa wata. Fatar tafinsa, wadda ƙarfe bai taɓa ci ba, ta tsage. Rabi, rabi, rabi. Tela tana cusa sirarun katako tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Likita ya tsuguna ta wajen kan Auta yana riƙe da kafaɗarsa.

"Na ga haske tsakaninsu," in ji Likita. "Ƙara kaɗan. Kada kowa ya ja shi, ni zan fitar."

Ya zare hannun a hankali, yana tallafe da shi kamar jariri. Damtsen ya karye a wuri biyu, hannun ya yi baƙi ya kumbura, babu yatsan da ke motsi. Daga faɗuwar motar zuwa lokacin minti talatin da takwas ne, Likita ya duba agogonsa. Ba su jira motar asibiti ba. Direban da ya yi maganar akuya shi ya kwance kan tirelarsa daga jikinta, aka ɗora Auta a gadon bayan kujera, suka fita yana ta danna oda.

Kwana tara likitoci suna shawara a kan hannun. Tukuna bai buɗe rumfa ba, bai koma gida ba, yana zaune a kan benci a bakin ɗakin, duk ma'aikacin da ya wuce sai ya miƙe tsaye. A rana ta goma aka ce ba za a yanke ba. Aka kuma ce kada ya sa rai hannun zai koma kamar da. Ƙashi ya haɗe, amma babban yatsa da manuni ba su sake haɗuwa da ƙarfi ba. Auta yana iya ɗaukar kofi da shi, ba ya iya riƙe sufana.

A cikin watannin jinyar Tukuna ya koma shagon kayan aiki shi kaɗai, da tef ɗin matarsa a aljihu. Ya auna bakin mai kwanciyar, ya sa mai shagon ya karanta masa lambar sau biyu, ya ɗauko shi. Bai tambayi tan nawa ba. Ɗan ƙaramin kuwa zarensa ya lanƙwashe, ba ya ƙara murɗuwa. Teburin Tela yanzu a kan bulo biyu yake, an yi wa wuyan keken walda, kuma har gobe tana ƙorafin cewa ɗinkinta yana karkata.

Bayan wata biyar Auta ya dawo rumfa, da nufin ya zauna kawai ya sha hira. Aka kawo wata babbar mota. Tukuna yana fama da wani noti da ya ci tsatsa, ya ajiye sufana ya je ɗauko mai. Da ya juyo sai ya ga ƙanensa durƙushe a gaban tayar, sufanar tana hannunsa na hagu. Notin ya yi ƙara ya saki. Auta ya kwance na biyu, ya kwance na uku, da saurin da bai taɓa yi da dama ba.

Tukuna ya tsaya da gwangwanin mai a hannu.

"Yaya, ka ga dai ban ɗaure ba, kwancewa nake yi."

"Na gani."

"Ko za ka ɗauko robar?"

Tukuna ya matso. Ya ajiye gwangwanin, ya zagayo ta damar ƙanensa, ya durƙusa ya tallafe masa tayar.

"Saura biyar," ya ce. "Ci gaba."